Tambaya da Amsa: Wai masu albashi sun daina cin hatsinmu?

Tambaya: Salam Malam. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Ringim, gero da dawa da wake nake yi. Ɗana da ke aiki a Kano ya ce yanzu masu albashi sai shinkafa da taliya da kaza, ba mai kallon tuwon dawa. Abin ya tsaya min a rai wallahi. Ga dillali ya ce in dai wakena ya yi huji ba zai ɗauka ba, wai in zuba masa Sniper kafin in ɗure a buhu. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Baba. Yaronka bai yi ƙarya ba, amma rabi ya gani. Duk ƙasar da kuɗi ya fara zama a hannun mutane, Indiya ce ko Sin ko nan gida, tuwo na raguwa a kwano, nama da ƙwai da madara su ƙaru. To kazar me take ci? Masara da waken suya, har dawa in masara ta yi tsada. Masu lemon malt ma dawa suke saye, ga furar gero da yogot a roba cike da firji a shagunan birni. Ka leƙa Dawanau ka ga tireloli. Mai sayen ne ya canja hali, matar da ta taso daga ofis ƙarfe biyar ba ta da lokacin zama da faifai tana tsince tsakuwa, tsaftatacce take so ko da tsada.

Maganar Sniper kuwa, nan ne raina yake ɓaci, don kullum sai na ji ta. Wai ai in an wanke wake an dafa maganin ya tafi. Wa ya ce? Mai shagon maganin ƙwari da ko rubutun jikin kwalbar bai karanta ba shi ya zama likita? Guba ce fa Baba, sinadarin dichlorvos ne a ciki, ba a yi shi don a kwarara a kan abinci ba, kuma mai zubawa da murfin kwalba yake awo, hannu tsirara, a ɗakin da jikoki ke kwana, buhun da ba a sayar ba kuma shi za a yi alala da ƙosai da shi a gidanka. Saboda wannan sinadari Tarayyar Turai ta rufe wa busasshen waken Najeriya ƙofa a 2015, manomin da bai ji ba bai gani ba ma ya kwana ciki. Shi dillalin ya ɗauki ribarsa ya hau mota, babu sunansa a buhu.

Ka nemi buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje. Waken ya bushe ƙarau tukuna, ka ciza ka ji ya ce ƙas, ka sheƙe, ka matse iska ka ɗaure kowace leda daban. Ƙwaron da kansa zai mutu don ba iska. Jarka ko duro mai murfi gam ma yana yi in ka cika shi taf. Ka ɗora a kan katako saboda ɓera, kuma kar a dinga buɗewa ana ɗiban na girki.