Me ya sa mai nutso ba ya tasowa da sauri daga ƙarƙashin teku?

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa masu nutso da tukunyar iska ba sa fitowa da gaggawa. Nauyin ruwa ne sanadi. Duk mita 10 da ka nutsa, matsin da ke kanka yana ƙaruwa da kwatankwacin matsin iskar da muke ciki a doron ƙasa. A wannan hali nitirojin, wato wani sashe na iskar da kake shaƙa, tana narkewa cikin jini da tsoka. In ka taso a guje sai ta yi kumfa a jiki, kamar lemun kwalba da aka ɓalle wa murfi. Daga nan sai ciwon gaɓoɓi, jiri, wani lokaci har shanyewar jiki.

Shi ya sa ake tasowa sannu a hankali, a dakata minti 3 a zurfin mita 5. Kuskuren da ya fi tayar min da hankali shi ne riƙe numfashi lokacin tasowa, domin iskar da ke huhu tana kumbura har ta yaga shi. Kada kuma a hau jirgin sama a ranar da aka yi nutso, domin raguwar matsi a sama na iya sa kumfar ta fito.

In alamun sun bayyana, a ba mutum oksijin, a garzaya asibiti mai ɗakin matsin iska, wato ɗakin da ake ƙara wa mutum matsi don kumfar ta narke. Koyon nutso kuwa, sai a hannun ƙwararren malami.