Filin Tambaya da Amsa: Naɗin Filafili Ya Yi Tauri, Ina Matsalar Take?

Tambaya: Malam, ina aiki a wani ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska a Port Sudan. Kwanan nan na'urar da ke naɗe filafilin gaba (zanen da iska ke bugawa ta tura jirgin) ta fara cijewa, sai mun sa ƙarfi sosai take juyawa, kuma wayoyin da ke riƙe da jigon jirgin (doguwar sandar da ake ɗaga filafili a kanta) sun kai shekara 12 ba a sauya su ba. Me ya kamata mu yi?

Amsa: Malam, kafin komai ku daina sa mata ƙarfi. Wayar gaba, wadda ke hana jigo faɗuwa baya, tana ɓoye ne cikin bututun alminiyam ɗin da filafilin ke naɗuwa a kansa, don haka ba a ganin lalacewarta daga ƙasa. Sau da yawa cijewar tana faruwa ne idan igiyar ɗaga filafili ta kanannaɗe bututun a can sama, kuma idan aka ci gaba da ja da na'urar jan igiya, silayen wayar sukan warware har ta tsinke. Sai mutum ya hau jigon ya duba, ya tabbatar igiyar ta karkace daga wayar da digiri 5 zuwa 10, kuma majuyin sama, wato abin juyawar da ake ɗaure igiyar da kan filafilin a jikinsa, ya kai kusa da ƙarshen bututun. Boris ɗin gangar ƙasa, wadda ke juya bututun, a wanke shi da ruwan daɗi. Giris kuwa a bi umarnin kamfanin da ya ƙera na'urar, domin boris ɗin na'ura ƙirar Furlex na buƙatarsa, na ƙirar Harken kuma ba a sa masa.

Shekarun wayoyin ne suka fi damuna. Kamfanonin inshora da yawa suna neman a sauya su bayan kimanin shekara 10, ku kuwa kuna Bahar Maliya, inda gishiri ya kai kusan giram 40 a kowace lita, alhali matsakaicin tekunan duniya 35 ne, ga kuma zafi. Ƙarfen da ake cewa ba ya tsatsa yakan ciwu ta ciki a inda iska ba ta shiga, musamman a bakin kan da aka matse wa wayar daga ƙasa, inda ruwa ke kwanciya. Ku goge wurin, ku duba da gilashin ƙara girma. Jan layi siriri kamar gashi, ko sili ɗaya da ya ɓalle, ya isa a yi watsi da wayar. A ganina ku sauya su duka.

Wajen ɗaure sababbi, idan wayar mai sili 19 ce, ku auna mita 2 a jikinta tun tana sake. Kowace milimita 1 da ta miƙe a cikin mita 2 ɗin nan daidai take da kashi 5 cikin 100 na ƙarfin da zai tsinka ta, don haka milimita 3 ta wadatar ga manyan wayoyin gefe. Bayan nan ku sa sababbin fil ɗin kulle a kowane maɗauri, ku buɗe ƙafafunsu, sannan ku sake duba ɗaurin a kan ruwa idan iska ta cika filafili.