Ta yaya ake gane tauraro guda ya ƙaru a sama?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Mai Wurno nake rubutowa. Da bazara a tsakar gida muke kwana, to rannan ɗana ya ce ya gani a waya wai akwai na'urorin da ke kama taurarin da kan fito su ɓace. Na ce masa, abin da ba ya ƙirguwa, wa zai san ɗaya ya ƙaru? Ni dai ƙyaftawarsu kawai nake gani.

Amsa: Wa alaikumus salam, Baba. Yaron nan bai yi ƙarya ba. Ita ƙyaftawar mu ajiye ta gefe, aikin iska ne, ita ke kaɗa hasken kafin ya iso ido, kamar yadda abu ke rawa idan ka hange shi ta bayan hucin wuta.

Amma akwai masu sauya haske da gaske. Wani yakan yi ta yi yana maimaitawa, wani kuwa sau ɗaya ne, ya fashe, ya haska, ya dushe. Likitan Masar Ali bin Ridwan ya rubuta labarin wani sabon tauraro da ya fito ta kudu a shekarar 1006, ya fi Zara haske nesa ba kusa ba. Irin wannan ko mai dundumi ya gani. Masu wuyar su ne dusassu, waɗanda ido bai isa ya kama su ba, kuma su ne suka fi yawa.

To ba ƙirge ake yi ba. Ka ga idan Inna ta share tsakar gida da yamma, da safe ba sai ta ƙirga yashi ba, sawun duk abin da ya gitta yana nan ɓaro-ɓaro. Haka masana ke yi. Suna da tsohon hoto mai kyau na kowane yanki na sama. A ɗauki na daren yau, kwamfuta ta daidaita su ɗaya kan ɗaya, ta debe tsohon daga sabon. Duk tauraron da bai sauya ba sai ya goge, fili ya rage baƙi wuluk. Ɗigon da ya saura, shi ne labari.

Na'urar Zwicky da ke dutsen Palomar a Amurka tana wannan sintirin tun 2018, tana zagaye saman arewa duk bayan 'yan kwanaki. Babbar kuwa ita ce ta Vera Rubin a ƙasar Chile: madubinta mita 8.4, kyamararta megafiksel 3,200, hoto guda yana cinye filin da zai ɗauki cikakken wata sama da 40. Ta fitar da hotunan farko a watan Yunin 2025, an kuma tsara ta yi shekara 10 tana maimaita saman kudu, da hasashen sanarwar irin wannan ɗigon kusan miliyan 10 kowane dare.

A ganina nan aikin yake, ba wajen ɗaukar hoto ba. Ba kowane ɗigo ne tauraro ba. Wani tauraron ɗan'adam ne ya gitta, wani dutse ne mai zagaya rana, wani kuma kurum hotunan ne ba su zauna daidai ba. Dole a yi sheƙa, kwamfuta ta kore ƙaiƙayi, tsabar a miƙa wa wasu na'urorin su bi ta tun ba ta dushe ba, don wata fashewar farkonta ne ke nuna irin tauraron da ya mutu.

Idan kana son gani da idonka, jira lokacin sanyi. Bayan isha'i ka nemo Kaza da 'Ya'yanta, ka ɗan karkata arewa, akwai wanda Larabawa ke kira Ra'asul Gul, Turawa suka mai da shi Algol. Biyu ne ke zagaya juna. Duk kwana 2 da awa 21, mai ƙarancin hasken yakan shiga gaban ɗan'uwansa, hasken ya sauko zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku, ya sake hawa, duka cikin kamar awa 10. Sa yaron ya duba lokacin a wayar tasa, ku kwatanta shi da maƙwabtansa dare biyu a jere.