Ga 'yar'uwar da aka ce wa ɗanta addinin Bature yake bi

Salama 'yar'uwa. Kin ce yaronki ya dawo daga makaranta yana kuka wai abokansa sun ce addinin Bature yake bi, Yesu ma Bature ne, kina tambaya me za ki faɗa masa a kan inda abin ya faro. Wallahi ina karantawa sai na ji kamar labarina ake bayarwa.

Ni wanda ya yi min nawa ba yaro ba ne, malaminmu ne na tarihi a sakandare, mutum da furfurarsa. Duk ranar da aka zo darasin mulkin mallaka sai ya ce 'yan mishan su miƙe tsaye, mu miƙe, ya nuna mu da bulala ya ce ga waɗanda Bature ya saya da alewa da gwanjo nan, aji ya fashe da dariya. Abin da ya fi ci min rai ba dariyar ba ce, a'a, shi ne mutumin nan ya yi karatu, ya sani sarai ba haka tarihin yake ba, daɗin wulaƙanta yara kawai yake ji. Har sunana ya daina kira, sai dai ya ce ke jikar Miller, wato Baturen mishan ɗin nan na Zariya. Na kai ƙara wurin babana ya ce in yi haƙuri malami uba ne. Uba ina? Na girma na yi aure na haihu, amma har yau in na ga mutum ya ɗaga gilashi kan goshi irin yadda yake yi sai gabana ya faɗi. An ce malamin ya rasu, Allah ya ji ƙansa, ni dai na yafe amma mantuwa ta ƙi.

To abin da zan ce ki fara yi, ki buɗe masa taswira a waya. Ki nuna masa Baitalami inda aka haifi Yesu a zamanin sarki Hirudus, wanda ya mutu shekara 4 kafin miladiyya, ki nuna masa Nazarat ta ƙasar Galili inda ya tashi a gidan masassaƙi, sannan ki ce ya nemo Ingila da kansa ya ga nisan. Yesu Bayahude ne, Aramiya yake ji, yana wajen shekara 30 Yahaya ya yi masa baftisma a kogin Urdun, almajiransa na farko su Bitrus da Andarawas masunta ne a tekun Galili. Turawan da ke cikin labarin su ne Romawa masu mulkin mallakar ƙasar a lokacin, kuma gwamnansu Bilatus, wanda ya riƙe Yahudiya daga 26 zuwa 36, shi ya ba da umarnin gicciye shi a Urushalima wajen shekara ta 30 ko 33. Wannan ba mu kaɗai muka faɗa ba, Tasitus masanin tarihin Roma, wanda ko kaɗan ba ya ƙaunar Kirista, ya rubuta cewa Bilatus ne ya zartar da hukuncin a zamanin Kaisar Tibariyas. A 1961 ma an tono wani dutse a Kaisariya da sunan Bilatus a jiki.

Amma fa ki gaya masa 'yan'uwanmu Musulmi ba su yarda an gicciye shi ba, akidarsu ce wannan, kuma suna girmama Annabi Isa da uwarsa Maryam ƙwarai, kar ya je ya buɗe baki da zagi. Ba faɗan addini nake so ya koya ba, so nake in an ce Bature ya san amsa.

Sai ki kawo shi gida Afirka, nan ne ni kaina na samu sanyi. Masar aka gudu da Yesu yana jariri. Saminu Bakurane da ya ɗaukar masa gicciye mutumin ƙasar da ake kira Libiya ne yanzu. Sarki Ezana na Aksum a Habasha ya karɓi bishara tun wajen 330, shi kuwa ɗan mishan ɗin da Roma ta aika wa mutanen Ingila sai 597 ya sauka a ƙasarsu. Agustin da fastoci ke yawan ambata a wa'azi a Aljeriya aka haife shi a 354. Kuma abokan nasa in suna zuwa Islamiyya ai sun san hijirar farko zuwa Habasha wajen 615, sun san Najashi sarkin da ya ba sahabbai mafaka, to Kirista ne shi a lokacin, su tambayi malaminsu.

Kar ki ɓoye masa ɗaya ɓangaren kuma, don yara suna ganewa. Eh, mu nan Arewa ta hannun mishan ya iso mana, su Dakta Miller da suka zauna Zariya sannan Wusasa, kuma sai 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya da Hausa. Wanda ya kawo saƙo daban, mai saƙon daban.

Wai ni ma su waye suke buga mana kalandar nan mai hoton Yesu da shuɗin ido da gashi kamar na 'yar fim? Kowace Disamba sai an raba a coci, mu biya kuɗi mu rataye a falo, sannan mu yi mamaki yara sun ce Bature ne. Na yi magana a taron zumuntar mata aka ce na cika tsegumi. Ni dai na sauke tawa.

In kin ga abin ya yi yawa ki je makarantar, amma kar ki je da zafi, ki bari ya huce, ki samu malamin ajinsu shi kaɗai ba a gaban yara ba. Kuma don Allah kar ki ce masa ya yi haƙuri kawai ki tashi, ki zauna ki ji sunan da suke kiran sa da shi. Aji nawa yake ne ma? In ɗan firamare ne ki rage shekarun nan, taswirar da labarin Najashi sun ishe shi.