Yadda za ka bi sawun kakanka da ya sauka a Ankara

Ɗan'uwa, ka ce kakanka na cikin Hausawan farko da suka zauna a bakin teku a Ankara ta Ghana, kana son sanin ta ina za ka fara.

Fara da gano hanyar da ta kawo shi. Wasu sun zo ne a soja, cikin rundunar Hausawa da wani jami'in Ingila mai suna Glover ya kafa a Legas a 1863, aka kawo su yaƙin da Turawan Ingila suka yi da Asante a 1873 zuwa 1874. Wasu fataken goro ne, musamman bayan yaƙin basasar 1892 da ya watsa kasuwar goro ta Salaga a arewacin Ghana, mutane suka gangaro kudu. Akwai kuma malamai, irin su Malam Nenu ɗan Katsina, wanda ɗansa Malam Bako ya kafa unguwar Sabon Zango a Ankara wajen 1912.

Ni dai shawarata, ka nemi tsofaffin mata kafin kowa. Su ke riƙe da wa ya auri wa, wa ya haifi wa, har da kirarin gida. Ka tambaye su sunan maigidan da ya sauki kakanka, domin a wancan zamani a zango baƙo ba ya zama sai a ƙarƙashin wani, kuma zuriyar maigidan kan tuna baƙinsu. Ka kula da laƙabi ma: Kano, Katsina ko Zariya a bayan suna yakan nuna garin asali.

Ka ɗauki muryarsu a waya yanzu, don Allah. Ni na yi jinkiri, kakata ta rasu da labarinta.