Doka, Shari'a da Hukunci: Amsoshin Tambayoyin Masu Karatu

Tambayoyin da suka taru a wannan karo duk sun karkata ga harshen kotu da karin maganar da Hausawa ke yi a kan shari'a, don haka na haɗa su wuri guda, domin amsar ɗaya tana haska ta ɗaya.

Wani malamin makaranta daga Zariya ya tambaya: shin doka da shari'a da hukunci abu ɗaya ne, tunda ana jin 'yan jarida suna sa wannan a gurbin wancan?

Ba abu ɗaya ba ne, ko da yake 'yan gida ɗaya ne. Doka ita ce umarni ko hani da mai iko ya kafa domin jama'a su bi, shi ya sa muke cewa an kafa doka, an bi doka, an karya doka, kuma 'yan sandan En'e, wato hukumar sarakunan gargajiya ta zamanin da, su ake kira 'yan doka, har zuwa lokacin da aka narkar da su cikin rundunar 'yan sandan ƙasa a mulkin Janar Yakubu Gowon. A Najeriyar yau majalisa ce ke yin doka. Majalisar Dattawa mai kujeru 109 da Majalisar Wakilai mai kujeru 360 su ke tattauna ƙudiri, in sun amince a kai wa shugaban ƙasa ya sa hannu cikin kwana 30, in kuwa ya ƙi, kashi biyu cikin uku na kowace majalisa na iya tabbatar da ƙudirin ya zama doka ba tare da sa hannunsa ba. Jihohi kuma suna da majalisunsu. Sama da duk waɗannan akwai kundin tsarin mulki na 1999, wanda tun a sashensa na farko ya ce duk dokar da ta ci karo da shi ta rushe gwargwadon cin karon. Ma'anar wannan ita ce mai yin doka shi ma doka ta hau kansa, kuma Bahaushe ya daɗe da lura da wannan aibi na masu iko, inda ya ce mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Karin maganar zargi ce ga duk wanda ya kafa ƙa'ida ya zama shi ne na farkon take ta.

Shari'a kuwa daga Larabci muka aro ta, kuma a bakin Hausawa tana da ma'ana biyu waɗanda ya kamata a riƙa bambancewa. Ta farko ita ce tafarkin da Musulunci ya shimfiɗa na ibada da mu'amala. Ta biyu ita ce zaman da ake yi gaban mai yanke hukunci domin warware jayayya, ko wace irin kotu ce. Idan aka ce wane da wane suna shari'a a kan gona, ko aka ce ministan shari'a, ma'ana ta biyu ake nufi. Hukunci shi ne abin da shari'ar ta haifa a ƙarshe. Mutane da yawa sun ɗauka hukunci yana nufin horo kaɗai, saboda aikatau ɗin hukunta ya fi tafiya da wannan ma'ana, amma alƙalin da ya wanke mutum ya sallame shi, shi ma hukunci ya yanke.

Wata mai karatu daga Kano ta ce an kayar da wani ɗan'uwanta a shari'ar fili alhali kowa a unguwa ya san filin nasa ne, sai dattawa suka ba shi haƙuri da cewa shari'a saɓanin hankali ce. Tana tambaya ko wannan magana na nufin babu hankali a cikin shari'a.

Wannan tambaya ita ce ta fi ɗaukar hankalina, domin karin maganar tana cikin waɗanda aka fi yi wa gurguwar fahimta. Hankali a nan yana nufin abin da mutum ya tsammata bisa saninsa da lissafinsa, wato abin da ransa ya ba shi cewa shi ne zai faru. Abin da magabata ke faɗa shi ne, sakamakon shari'a kan saɓa wa wannan tsammani, saboda alƙali yana yanke hukunci ne da abin da ya tabbata a gabansa. Sanin da mutanen unguwa suka yi, muddin bai shigo kotu ta bakin mai shaida ko ta takarda ba, alƙali ba shi da hanyar da zai ɗora hukunci a kansa.

Asalin wannan ƙa'ida sananne ne ga duk wanda ya yi karatun fiƙihu a zaure. Kawo hujja yana kan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musa. Akwai kuma hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Ummu Salama, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana wa masu kawo masa ƙara cewa shi mutum ne, kuma mai yiwuwa wani ya fi wani iya tsara hujja, sai ya yanke masa hukunci bisa abin da ya ji. To, duk wanda aka yanke wa wani abu na haƙƙin ɗan'uwansa kada ya karɓa, domin yankin wuta ne aka yankar masa. Wannan hadisi ya nuna cewa cin shari'a daban, mallakar gaskiya daban, kuma nauyin abin da ke tsakaninsu yana wuyan wanda ya san ya ci da zalunci. Kotunan da muka gada daga Turawan Ingila su ma a kan irin wannan turba suke: wanda ya yi iƙirari shi zai tabbatar, kuma jita-jita ba ta zama shaida sai a wurare ƙalilan da doka ta keɓe. Hausa na da kalmomi biyu da suka tattara wannan duka, ganau da jiyau. Kotu ganau take nema.

Akwai 'yar'uwar wannan karin magana, wadda ke cewa shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. Ita gargaɗi ce ga mai saurin kai ƙara, kuma tana daga cikin dalilan da suka sa Hausawa ke fifita sulhu gaban mai unguwa ko dagaci ko dattawan dangi kafin a je ga alƙali. Sai dai ina da damuwa da yadda ake amfani da waɗannan maganganu biyu a yau. Ana faɗa wa wanda aka zalunta su domin ya yi shiru, wani lokaci ma ana rufe cin hanci da su. Magabata ba su yi su don haka ba. Idan alƙali ya karkace, ko ya yi kuskuren fahimtar doka, maganin da tsari ya tanada shi ne ɗaukaka ƙara, wato a kai hukuncin gaban kotun da ke sama ta sake dubawa, kuma akwai wa'adin da ake yin hakan a cikinsa, wanda in ya wuce sai an roƙi kotu ta ƙara lokaci. Shawarata ga ɗan'uwan wannan baiwar Allah ita ce ya nemi kwafin hukuncin ya kai wa lauya da wuri. Wanda ba shi da hali yana iya tuntuɓar hukumar ba da agajin lauyoyi ta tarayya, wadda aka kafa tun 1976, ya ji ko ƙararsa na cikin irin waɗanda take ɗauka.

Wani ɗalibi daga Sakkwato yana son sanin dalilin da ya sa muke da alƙali da joji da majistare, alhali aikinsu ɗaya.

Kalmomin sun yi yawa ne saboda tsarin shari'ar da muke ciki hawa-hawa ne, kowane zamani ya bar nasa. Alƙali ita ce mafi daɗewa, daga Larabci, kuma ta zauna a Hausa har ta fita daga kotu, shi ya sa muke da alƙalin wasa a filin ƙwallo da alƙalan gasar karatu. Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, a ƙarshen ƙarni na 15, Shehu Magili ya rubuta masa nasiha kan mulki da adalci, sannan bayan jihadin 1804 daular Usmaniyya ta shimfiɗa alƙalai a manyan garuruwa suna hukunci da mazhabar Malikiyya, Muhtasar da Tuhfa na cikin littattafan da suke komawa gare su. Sarki ma yana da majalisarsa ta shari'a, yana da dogarai masu kamo mai laifi, da yari mai tsare shi, wanda daga sarautarsa muka sami gidan yari.

Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903 ba su rushe kotunan alƙalai ba, sun bar su ƙarƙashin sa idon Razdan da Di'o, wato jami'an mulkin Turawa, suka hana wasu hukunce-hukunce irin su yanke hannu, suka kuma kafa nasu kotunan a gefe. Daga nan kotu da joji da lauya da majistare da sammaci da beli suka shigo Hausa. Gab da samun 'yanci gwamnatin Jihar Arewa ta kafa kundin dokokin laifuka wanda ya fara aiki a 1960, an kwaikwayo shi daga na Sudan, shi kuma na Sudan tushensa na Indiya ne na 1860. A wannan shekara ta 1960 aka kafa kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci, wadda Shehu Abubakar Gumi ya zama alƙalin alƙalanta a 1962. Bayan juyin mulki, a 1967 zuwa 1968, aka soke kotunan sarakuna, kotunan alƙalai suka koma hannun gwamnati da sunan kotunan yanki. Sai kuma 1999, lokacin da jihar Zamfara ta ƙaddamar da faɗaɗa shari'ar Musulunci zuwa laifuka, har jihohi 12, da ita Zamfarar a ciki, suka bi wannan hanya.

Saboda haka a yau majistare yana zama a ƙaramar kotu mai bin tsarin Ingila, joji yana babbar kotu, alƙali kuma ya fi tafiya da kotun shari'ar Musulunci, ko da yake a rediyo ana kiran kowannensu alƙali, ana kuma girmama manyansu da laƙabin mai shari'a. Hanyoyin biyu suna haɗewa a sama. Ƙarar gado ko aure da ta taso daga kotun alƙali tana iya hawa zuwa kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci ta jiha, daga nan zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya, wadda tsarin mulki ya wajabta a samu aƙalla alƙalai uku masana dokokin iyali na Musulunci a cikinta, sannan Kotun Ƙoli a Abuja, inda magana take ƙarewa. Abin da kotun sama ta yanke kan wata mas'ala ya zama tilas kotunan ƙasa su bi shi a irin wannan mas'ala, kuma wannan shi ne ginshiƙin tsarin Ingila.

Wani ɗan kasuwa daga Maraɗi ya tambayi asalin gidan kaso. Kaso daga Faransanci take, daga sunan ɗakin da ake kulle fursuna, kamar yadda jandarma ta shigo ta wannan ƙofa. Nijar ta gaji tsarin Faransa, wanda ya fi dogara ga rubutattun kundaye da aka tsara sashe-sashe fiye da hukunce-hukuncen da suka gabata, amma a al'amuran aure da gado da gonaki ana aiki da al'ada, inda masana al'ada ke zama tare da alƙali suna ba shi haske, sarakunan gargajiya kuma suna da hurumin yin sulhu. Gidan gyaran hali da ake ji yanzu a Najeriya sabon suna ne da ya biyo bayan dokar 2019 wadda ta sauya sunan hukumar gidajen yari.

Tambaya ta ƙarshe daga wata ma'aikaciyar gidan rediyo ce: wane suna ya dace a kira mutumin da 'yan sanda suka kama?

Matakai uku ne, kuma haɗa su kuskure ne mai cutarwa. Wanda aka kama ana bincike a kansa shi ne wanda ake zargi. Idan an gurfanar da shi an karanta masa laifin da ake cewa ya yi, ya zama wanda ake tuhuma. Ba ya zama mai laifi sai kotu ta same shi da laifin, domin sashe na 36 na tsarin mulkin Najeriya ya ce ana ɗaukar duk wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa, kuma tabbatarwar tana kan mai gabatar da ƙara, sai ya kawar da duk wani kokwanto mai tushe. Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, don haka mai karanta labarai da ya ce an kama ɓarawo tun kafin a shiga kotu ya riga alƙali yanke hukunci, kuma in an wanke mutumin daga baya, sunan da aka laƙaba masa ba ya goguwa a unguwarsu.

Wannan sashe ya ba wanda ake tuhuma damar a bayyana masa tuhumar da harshen da yake ji, a kuma ba shi tafinta kyauta in bai fahimci harshen kotu ba, abin da ya shafi Hausawa da yawa da ke tsayawa gaban majistare ana magana da Turanci. Sashe na 35 kuma ya ce a kai wanda aka tsare gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu tsakanin kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu ko wani lokaci da kotu ta ga ya dace. Beli ba sallama ba ne, saki ne na wucin gadi bisa alkawarin komowa, tare da mai tsaya wa mutum wanda zai ɗauki nauyin kawo shi, kuma belin ofishin 'yan sanda kyauta ne a doka. Wanda aka hana beli aka ajiye shi kafin a gama shari'arsa, shi ne ake cewa yana zaman waƙafi, kuma ko ya shekara a tsare, sunansa a labarai wanda ake tuhuma ne har ranar da alƙali zai yanke hukunci.