Ga ɗan'uwan da maƙwabci ya tare wa ɗora bene

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Malam mai tambaya, Allah ya ba ka haƙuri, ya yi maka mafita. Ka ce yara sun girma, gida ya yi muku kaɗan, kana so ka ɗora ɗaki biyu da banɗaki a sama. Maƙwabcinka na baya ya ce sam bai yarda ba, tagoginka za su riƙa leƙa masa tsakar gida, kuma in ka ɗora bulo ko guda zai kai ƙararka hukumar tsara birni. Kai kuma ba ka da izinin gini, shi ne magininka yake cewa a bari sai daren Asabar a zuba dakin, wato kankaren da ake ɗora bene a kai, kafin Litinin aikin gama ya gama. Ina zuwa nan wallahi gabana ya faɗi, don na san inda wannan hanyar take kai mutum.

Kada ka biye wa maginin nan. Shi ladan aikinsa zai karɓa ya saɓa cebur ya yi gaba, kai za a bari da jan fenti a bango, da kuma mutumin da za ku riƙa haɗa sahu da shi a masallaci har iya rayuwarku.

Ni gidana awon igiya ne, irin namu da kowa ya sani, takardar saye da sa hannun mai unguwa da shaidu. Kafin in sayi bulo ɗaya sai da na ja maƙwabcina gefe bayan sallar la'asar na gaya masa niyyata ta ɗora bene. Mutumin nan ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Haba malam, gidanka ne fa, Allah ya sa alheri, ya ba da ikon gamawa." Maganar izini kuma wani ɗan kamasho da aka haɗa ni da shi ya karɓi zane da kuɗi, ya kawo mini wata takarda mai hatimi, ya ce fayil ya shiga, in ci gaba da aikina, amincewa tana tafe. Ashe ko fayil ba a buɗe ba. Shi wannan na bar shi da Allah, ɓarawo ne kawai, ban taɓa cin abinci a kwano ɗaya da shi ba. Wanda ya ƙona mini rai shi ne na kusa.

Kun san ba a zuba dakin a kan gidan da ake ciki sai an yaye kwano. To mun yaye na ɗakuna biyu da falo, muka tattara kanmu da kayanmu muka cushe a ɗaki ɗaya da kicin. Kafinta ya kafa turaku ya shimfiɗa katako, an ɗaure rodi, na ɗauko hayar injin kwaɓa kankare, leburori cike da layi kowa da kwanon sarkinsa. Uwargida tun asuba ta ɗora shinkafa da wake a babbar tukunya saboda ma'aikata. An fara zubi ke nan, ba a ci kashi ɗaya cikin huɗu ba, sai ga mota ta tsaya a bakin lungu. Mutane suka fito, ɗaya da gwangwanin fenti, ɗaya da takarda. Aka ce a kashe inji. Na ruga ciki na ɗauko takardar ɗan kamasho, babbansu ya duba gaba ya duba baya, ya ce, "Baba, wa ya ba ka wannan?" Daga yadda ya kalle ni na san an cuce ni. A gaban 'ya'yana da duk yaran unguwa aka zana ƙaton kuros ja a jikin katangata.

Na waiga, sai ga maƙwabcin nawa zaune a kan benci a ƙofar gidansa, carbi a hannu, rediyo a gefe. Layin nan kaf ya fito kallo, har matan aure suna leƙe ta ƙofa, shi kaɗai ne bai ɗaga kai ba. Bai ce sannu ba, bai ce me ya faru ba. Yana ta jan carbinsa. Wannan mutumin fa ni na ɗauki matarsa a motata da tsakar dare lokacin da naƙuda ta zo mata da gardama yana ƙauye. Tiyon rijiyar burtsatse ta kan katangata yake tsallakawa zuwa gidansa, ko kwabo ban taɓa karɓa ba. Ɗansa da ya rasa gurbin karatu ni na yi ta zarya har aka samu. Ba gori nake yi ba, Allah ya gani, amma zuciya ba dutse ba ce. Daga baya da na ga takardar ƙorafin da idona, da Turanci aka tsara ta tsaf, hannun lauya ne, kuma kwanan watan da ke kai ya nuna tun ana ɗaure rodi ya shigar da ita. Wato yana gaishe ni kullum da asuba, yana tambayar ya aiki, yana jiran ranar zubi. Da ya so ya tsayar da ni tun kafin in yaye kwano ai da ya yi. Ya bari sai ranar da zai fi yi mini ciwo. Kuma zuciyata ta ba ni dalili, domin shekarun baya ya taɓa aiko dillali a taya gidan, yana so ya haɗe da nasa saboda babban ɗansa, na ce ba na sayarwa ba ne.

Kankaren da aka kwaɓa a ƙasa ya sandare. Leburori dole na sallame su da kuɗinsu cif, ba laifinsu ba ne. Shinkafar nan almajirai aka raba wa. Sai damina ta sauka a kanmu, gida babu rufi sai katako da tamfol. Akwai daren da aka yi ruwa da iska, tamfol ya yaye, ni da babban ɗana muna sama muna danne shi da bulo, walƙiya na haska mu, a ƙasa uwargida tana tara roba da bokiti tana kuka, littattafan makarantar yara duk sun jiƙe sun manne. Washegari ta kwashi ƙananan ta tafi gidansu, kuma ban ga laifinta ba. Simintin da ya rage ya sha danshi ya zama dutse. Na saye shi buhu bai kai dubu biyar ba, lokacin da aka sake ni in ci gaba a farkon 2024 ya haura dubu goma. Rodi ya yi tsatsa, katako ya lanƙwashe sai da kafinta ya sake kafi. Har yau in na ji ƙarar injin kwaɓa kankare a wata unguwa sai raina ya ɓaci.

To malam, abin da nake so ka riƙe: hukuma daban, maƙwabci daban, kuma samun ɗaya ba ya ɗauke maka ɗaya. "Allah ya sa alheri" na maƙwabci ba ya hana jan fenti, takardar gwamnati kuma ba ta halatta maka kallon matan mutane.

Ma'aikatan da suka zo ban riƙe su a rai ba, aikinsu suka yi. Mu ne muke ganin tunda da guminmu muka sayi fili sai abin da muka ga dama. Alhali tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 filayen birni suna hannun gwamna ne a matsayin amana, mu haƙƙin zama da amfani muke da shi, sannan dokar tsara birane ta 1992 ta ce ba a gini sai da izini, kuma ƙari a kan tsohon gida shi ma gini ne. Ba ka faɗi garinku ba. In Kano ne hukumar tsara birni ta jiha, KNUPDA, za ka nufa, in Kaduna ne KASUPDA. Ka je da ƙafarka, ka shiga ofis, ka tambayi teburin da ake karɓar neman izini. Duk wanda ya tare ka a gindin bishiya ya ce zai sauƙaƙa maka, ka gaishe shi ka wuce. Za su nemi takardar mallakar fili, zanen gini daga mai zane mai rajista, zanen ƙarfe da ginshiƙai daga injiniya, da taswirar filin, sannan su zo su duba wurin da idonsu. Kuɗi kuma ta banki, rasit da sunanka. In filinka awon igiya ne kamar nawa, ka faɗa musu gaskiya tun farko, su gaya maka yadda ake daidaita takardu. Ni wannan ne ya fi cin lokaci, ya fi izinin kansa.

Zancen injiniya kada ka ɗauke shi ɓarnar kuɗi. Gidan da aka yi wa tushe don hawa ɗaya ba lallai ya ɗauki bene ba, kuma magini ba zai taɓa ce maka ba zai ɗauka ba. Nawa sai da aka haƙa gefen tushe aka duba, aka ƙara ginshiƙai daga ƙasa. Kowa ya tuna benen da ya rufta kan mutane a titin Beirut a Kano a 2022. A ƙarƙashin wannan dakin 'ya'yanka za su kwana.

Yanzu maganar da ƙila ba za ta yi maka daɗi ba. Naka maƙwabcin ya fi nawa sau dubu, domin ya fito ya faɗa maka a fuska tun ba ka kashe kuɗi ba. Kuma a kan taga yana da gaskiya. Da aka zaunar da mu, limaminmu ya buɗe Risala ta Ibn Abi Zaid ya karanta mana wurin da aka kawo hadisin "ba cuta, ba cutarwa", aka lissafa abubuwan da ba a yi wa maƙwabci: buɗe taga kusa da za ta tona masa gida, buɗe ƙofa daidai saitin ƙofarsa, da haƙa ramin da zai cutar da shi ko da a cikin mallakarka ne. Ka je kotun shari'a ma abin da za ka tarar ke nan. Ka ɗauka matarka ce take wanke-wanke da ɗaurin ƙirji a tsakar gida, samarin wani gida suna sama. Ni duk da abin da mutumin nan ya yi mini, da aka zo kan taga ban yi musu ba.

Kuma gyaran ba shi da wuya. Ka koma wajen mai zane ya juya manyan tagogin su kalli titi ko tsakar gidanka. Ɓangaren maƙwabci a bar ƙanana can sama, sun wuce tsayin mutum, iska da haske su shiga, ido ba ya kaiwa. Baranda kada ta fuskanci gidansa, matattakala ma in a waje take a rufe gefenta, don nan ne aka fi mantawa, mai hawa yana ganin komai. Indararo ya zuba a gidanka ko a kwata, ba a kansa ba, rigimar ruwan rufi ta raba zumunci fiye da ta taga a unguwarmu. Ramin masai da na ruwan wanka a nisanta su da katangarsa da rijiyarsa. Ka kuma roƙe shi ranakun da leburori za su hau sama, a sanar da iyalinsa tun dare su kintsa. Wannan 'yar sanarwar kaɗai tana sanyaya zuciya ba kaɗan ba.

In an gyara zane, kada ka je masa kai kaɗai, kuma kada ka yarda da maganar baka. Ka ɗauki mai unguwa da liman da dattijo ɗaya da yake jin nauyinsa, a shimfiɗa zanen a gabansa, a nuna masa da yatsa ga inda taga take ga tsayinta. In ya amince a rubuta, ya sa hannu, shaidu su sa, kowa ya riƙe kwafi. In ya ƙi duk da an kawar da cutarwar, to ka fita haƙƙinsa, dattawa sun gani, izinin hukuma kuma ba a hannunsa yake ba. Kotu ka bar ta ta zama ta ƙarshe, ɗage zama kaɗai sai ya cinye maka kuɗin rufi.

Kada kuma ka bari mata su shiga. Mu abin da ya fi lalacewa ke nan. Matata da matarsa da kamar 'yan ciki ɗaya suke, ko gishiri ya yanke ta kan katanga ake miƙawa. Yanzu an yi suna a gidan ba ta taka ba, an aurar da 'yarmu ba su zo ba, yara ma an hana su wasa tare, su da ba su san hawa ba balle sauka. Wasu sun ce in cire tiyon ruwan nan in huce. Na yi niyya har na ɗauko filaya, mahaifiyata ta ce in na cire ba ta yafe ba, ruwa ba abin rama gayya ba ne. Yana nan har gobe. Ni da shi kuwa sai sallama a bakin masallaci, ya amsa ciki-ciki. Na yafe ko ban yafe ba, wannan tsakanina da Ubangijina ne, ina dai ƙoƙari.

Abu ɗaya da ba ka faɗa ba: katangar da ke tsakaninku ta wa ce? In ta haɗaka ce, ko shi ya gina ta, kada ka kuskura ka ɗora mata nauyin bene, ka tayar da taka daga cikin filinka ko da za ka rasa taku ɗaya. In kuma izini ya fito, ka yi hotonsa ka ba magini ya ajiye a wurin aiki, asalin ka ɓoye a gida, domin masu duba gini suna iya dawowa ana tsakiyar aiki, kuma abin da aka amince a zane shi za su auna. Kada magini ya ce bari a ɗan turo baranda kan lungu tunda an riga an samu takarda. Siminti ma ka riƙa sayen na kwana biyu uku, kada ka jibge shi sai ka ga takarda a hannunka.